Tsufa ko Zama? Nazarin Raguwar Ƙarfin Jiki a Tsakanin Tsofaffin 'Yan Ƙwallo da Ma'aikatan Masaƙu a Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda shekaru ke rage ƙarfin jiki da ƙwazon wasa, sannan ta gwada abin da ilimin aikin jiki ya tabbatar da halin da unguwannin kudancin birnin Kaduna ke ciki, wato Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha da maƙwabtansu. An dogara da binciken da masana suka wallafa, da tarihin wasan Rashidi Yekini da Daniel Amokachi, da kuma lura da wasannin tsofaffin 'yan ƙwallo na ƙarshen mako. Hujjar maƙalar ita ce kaso mai tsoka na abin da mutanen yankin ke ɗora wa tsufa, daina motsi ne ya kawo shi, tare da raunin da ba a yi wa magani ba da hawan jinin da ba a auna ba. Durƙushewar masaƙu tsakanin 2002 da 2007 ta tafi da tsarin rayuwar da ke motsa jikin dubban mutane kullum, ba tare da sun taɓa kiransa motsa jiki ba.

Muhimman kalmomi: tsufa, zaizayar tsoka, ƙwallon ƙafa, masaƙu, Kakuri.

1.0 Gabatarwa

A unguwannin da ke tsallaken Kogin Kaduna ta kudu, amsa guda ake bai wa kusan kowace gazawar jiki bayan shekara arba'in: girma ya zo. Magidanci ya kasa bin mota da gudu, girma ya zo. Gwiwa ta hana shi durƙuso, girma ya zo. Tsohon ɗan ƙwallon da a da ake cika fili don a gan shi ya ajiye tumbi, yana haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, shi ma girma ne. Amsar tana da daɗin ji domin ba ta ɗora wa kowa laifi, kuma ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Aibinta shi ne ta dunƙule abubuwa uku da bincike ya daɗe da rarrabewa: abin da shekaru ke ɗauka ko mutum ya so ko ya ƙi, da abin da zama ke ɗauka, da abin da cuta ko tsohon rauni ke ɗauka. Na farko ba shi da magani. Na biyu da na uku kuwa akwai abin yi a kansu.

An zaɓi wannan yanki ne saboda abubuwa biyu sun haɗu a cikinsa da ba kasafai suke haɗuwa ba. Nan ne a da ɗaya daga cikin cibiyoyin masana'antun Arewa, inda kamfanoni suka riƙe ƙungiyoyin ƙwallo da suka fitar da 'yan wasan da duniya ta sani. Nan ne kuma, cikin 'yan shekaru, aikin da ke tayar da mutane tun asuba ya tsaya cak, a daidai lokacin da ma'aikata da dama ke tsakanin shekara arba'in da sittin.

2.0 Yanki da Hanyar Nazari

Yankin da ake magana ya ratsa ƙananan hukumomi biyu: Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, wadda ta ƙunshi Kakuri da Barnawa da Television, da Chikun, inda Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa da Gonin Gora suke. An kafa masaƙar KTL a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, shekarar da aka kafa kamfanin ƙera makamai na DIC. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980.

Nazarin na sharhi ne da kwatance. An ɗauko alƙaluman da aka tabbatar a mujallun likitanci da na ilimin wasanni, aka aza su a kan tarihin 'yan wasan da rayuwarsu ta ƙwallo ke rubuce a bainar jama'a, sannan aka haɗa da abin da ido ke gani a filayen makarantu da na unguwa a safiyar Asabar da yammacin Lahadi.

3.0 Rabon Shekaru

3.1 Zuciya da numfashi

Ma'aunin da masana suka fi dogara da shi wajen sanin juriyar mutum shi ne ƙololuwar oksijin da jikinsa ke iya sha cikin minti guda yayin da yake aiki iya ƙarfinsa, wanda ake rubutawa VO2max. An saba cewa yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara goma bayan an haura talatin. Binciken Fleg da abokan aikinsa na 2005, wanda ya bi mutanen Baltimore tsawon shekaru, ya nuna gangarar ba miƙaƙƙiya ba ce: a shekarun ashirin da talatin raguwar kashi 3 zuwa 6 ce cikin shekara goma, amma a shekarun saba'in takan zarce kashi 20. Babban dalili ɗaya shi ne zuciya ba ta iya bugawa da saurin da ta saba. Tanaka da Monahan da Seals sun fitar da lissafi a 2001: a ninka shekarun mutum da 0.7, a cire daga 208. Ɗan shekara 20 zuciyarsa kan kai bugu 194 a minti, ɗan shekara 60 kuwa 166. Wannan rashi ba ya jin atisaye. Gwarzon gudu da mai zaman majalisa duk suna biyansa.

Duk da haka juriya ba ta saurin gudu daga jikin wanda ya riƙe ta. Tanaka da Seals sun bayyana a 2008 cewa masu dogon gudu kan riƙe ƙwazonsu har wajen shekara 35, su ɗan sassauta zuwa 50 ko 60, daga nan ne gangarar ke yin tsanani. Haile Gebrselassie ya kafa tarihin gudun yada ƙanin wani a Berlin a 2008 yana da shekara 35, Eliud Kipchoge ya yi nasa a birnin a 2022 yana da 37. Usain Bolt kuwa shekararsa 22 lokacin da ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. Bambancin yana cikin tsoka.

3.2 Tsoka

A 1988 Lexell da abokansa a Suwidin suka yanka tsokar cinya ta gawawwakin maza daga shekara 15 zuwa 83, suka ƙirga zarurrukan da ke cikinta. Sun tarar ramewar na farawa tun wajen shekara 25, ta kai kusan kashi 10 cikin 100 a shekara 50, ta kai kusan kashi 40 a shekara 80. Zaren da ya fi ramewa shi ne mai saurin tsukewa, wanda da shi ake zabura, da shi ake tsalle, da shi kuma ake tare jiki idan an yi tuntuɓe. A shekarar da ta biyo baya Irwin Rosenberg ya raɗa wa wannan zaizayar tsoka suna sakofeniya. Skelton da abokan aikinta sun ƙara haske a 1994: tsakanin shekara 65 da 89, ƙarfin ɗaga nauyi na raguwa da kashi 1 zuwa 2 a shekara, amma ƙarfin zabura na raguwa da kusan kashi 3.5.

Wannan ya dace da abin da 'yan kallo ke faɗa ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba. Ba sa cewa tsohon ɗan wasa ya manta ƙwallo. Cewa suke ƙafa ta tafi amma kai yana nan. Nazarin da aka yi kan 'yan wasan gasar Sifaniya ya nuna haka: da shekaru suka ja, gudun tsiya na raguwa, amma raba ƙwallo daidai na ƙaruwa. Shi ya sa ɗan wasan gefe ke rigan ɗan baya jingine takalma, mai tsaron raga kuma ya fi kowa daɗewa, har Essam El-Hadary na Masar ya tsare raga a gasar cin kofin duniya ta 2018 yana da shekara 45.

4.0 Rabon Zama

A 1966 wasu masu bincike a birnin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado tsawon mako uku, ba tashi ba tafiya. Da aka auna su, sun yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin shan oksijin. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, sun kai hamsin, sun yi ƙiba. McGuire da abokansa suka wallafa sakamakon a 2001: shekara 30 na rayuwa sun rage musu kashi 11 ne kacal. Wato kwanciyar mako uku ta fi shekara talatin ɓarna. Da aka sa su atisayen tafiya da sassarfa da keke na wata shida, suka koma matakin da suke kai suna samari kafin kwanciyar. Mutum biyar ba su da yawa, kuma ba a gina doka a kansu su kaɗai, sai dai binciken da ya biyo baya bai rushe darasin ba.

A ɓangaren tsoka, Fiatarone da abokan aikinta sun ɗauki tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa tsawon mako takwas. Rahoton 1990 ya ce tara da suka kai ƙarshe ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Idan tsokar ɗan shekara casa'in na amsa kira, da wuya a yarda cewa ta ɗan shekara 52 a Makera ta mutu.

5.0 'Yan Kaduna Biyu a Dallas

Abin sha'awa, a wannan birni na Dallas ne, ranar 21 ga Yunin 1994, Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema. Ƙwallo ta farko Rashidi Yekini ne ya ci, ta biyu Daniel Amokachi. Dukansu haifaffun Kaduna ne, kuma dukansu ƙwallon kamfani ce ta yaye su ta wata fuska. Yekini ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL a 1981. Amokachi ya fito daga Ranchers Bees, wadda asalinta DIC Bees ce, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ci kofin WAFU a 1989.

A ranar Yekini na da shekara 30, Amokachi 21. Duk wanda aka tambaya wa zai daɗe a fili, zai nuna ƙaramin. Ba haka ta kasance ba.

Yekini, wanda aka haifa a 1963, ya yi ganiyarsa ne a shekarun da littafi ke cewa ɗan wasan gaba ya fara gangara. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993. A kakar 1993 zuwa 1994 ya fi kowa zura ƙwallo a babbar gasar Fotugal da ƙwallo 21, yana buga wa Vitória de Setúbal, ya kuma fi kowa ci a gasar nahiyar Afirka ta 1992 da ta 1994. Ya je gasar duniya ta 1998 yana da shekara 34, ya koma Africa Sports a Abijan, ya buga wa Julius Berger, sannan a 2005 ya sake sa riga a Gateway yana da shekara 41. Ya bar wa Najeriya ƙwallo 37. Salonsa ya taimake shi: ƙirar ƙarfi, sanin inda ƙwallo za ta faɗo, da bugu mai nauyi. Waɗannan ba su dogara kacokan ga zaren tsoka mai saurin tsukewa ba, don haka shekaru ba su yi saurin ƙwace su ba. Ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekara 48, kuma ya kamata wannan ya tuna wa mai nazari cewa daɗewa a fili ba lamunin daɗewa a duniya ba ne.

Amokachi, haifaffen 1972, ya tafi Club Brugge a 1990, Everton a 1994, Besiktas a 1996. Wasansa na gudu ne da ture mutane, har aka yi masa laƙabi da bijimi. Raunin gwiwa da ya samu dab da gasar duniya ta 1998 shi ya yanke masa hanya. Bayan ya bar Besiktas a 1999, ƙungiyoyin Turai da suka neme shi sun janye bayan gwajin lafiya. Bai kai talatin ba. Zuciyarsa da huhunsa na saurayi ne, gwiwar ce ta tsufa ita kaɗai.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Fernandes da abokan aikinta suka wallafa a 2018 a Ingila ya gano ciwon gwiwa a tsakanin tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo ya ninka na sauran maza kusan sau biyu, kuma tsohon rauni shi ne babban sanadi. Waɗannan mutane ne da suka yi wasa a kan ciyawa, da likita a gefen fili. Ɗan wasan unguwa da ya yi ƙuruciyarsa a kan jar ƙasa mai tsakuwa, wanda idan ya yi targaɗe sai a kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar a ɗaure, ba a tsammanin tasa gwiwar ta fi wannan lafiya. Ɗori na da amfaninsa a karaya mai sauƙi, amma jijiyar cikin gwiwa da ta tsinke ko guringuntsin da ya yage, ja da shafa ba sa haɗa su. Mutum ya ci gaba da wasa a kai, shekara ashirin baya sai amosanin gaɓɓai ya bayyana, a ce sanyi ne ko girma.

Akwai wata tangarɗa da duk mai nazarin shekarun 'yan wasa a ƙasar nan zai yi karo da ita, wadda ake kira shekarun ƙwallo. Lamarin ya kai har FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, filin wasa na Ahmadu Bello ma ya ga wasu daga cikin wasannin. Ba duka ne ha'inci ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, balle a shekarun 1960 da 1970. Idan an ga ɗan wasa ya zube a shekara 28 ta takarda, kafin a ce ya tsufa da wuri sai a tambayi takardar.

6.0 Masaƙa, Keke da Ƙungiyar Kamfani

Ma'aikacin masaƙa na shekarun 1970 da 1980 bai san wani abu wai shi motsa jiki don lafiya ba, amma a tsaye yake wuni. Daga Nasarawa ko Makera ko Television zai taka ko ya hau keke zuwa ƙofar kamfani kafin jiniya. Awa takwas yana zagaya injinan saƙa, yana ɗaura zaren da ya tsinke, yana tura dilar yadi. Masu jini a jika idan an tashi sai fili, domin ƙungiyar kamfani hanya ce ta samun aiki da riƙe shi. Tun 1953 Jeremy Morris ya nuna a Landan cewa kwandastocin bas masu hawa da sauka a matakala sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya, alhali mota guda suke ciki.

Ba a cewa masaƙa gidan lafiya ce. Ƙurar auduga na cin huhu, ƙarar inji na kashe kunne, aikin dare na hana barci. Masana irin su Holtermann sun kuma ja hankali cewa wahalar aiki ta yini guda, marar hutu, ba ta ba zuciya ribar da wasa ko tafiyar nishaɗi ke ba ta. A ganina ribar ma'aikacin Kakuri ba a gaban inji take ba. Tana cikin keken safe da na yamma, da filin bayan tashi, da jikin da bai saba zama ba.

KTL ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007. Wanda ya shiga aiki yana saurayi a 1978 ya tsinci kansa a gida yana dab da hamsin, daidai gaɓar da Lexell ya nuna zaizayar tsoka na ƙara sauri. Sana'o'in da suka karɓi mutanen galibi na zama ne: acaɓa, tuƙin Keke Napep, gadi, tsaron shago, ko zaman jiran haƙƙin sallama. Abinci bai canza zuwa mai kyau ba, sai ma ya koma abin da aljihu ya iya, garin rogo da taliya da burodi, nama da ƙwai da wake da tsoka ke buƙata suka ja baya. Injin da aka kashe aka rufe ɗaki a kansa tsatsa ke cinye shi tun kafin haƙoransa su cinye, kuma abin da ya sami injinan Kakuri bai bar masu juya su ba.

Rikicin addini na 2000 da na 2002 a Kaduna sun ƙara nasu. Jama'a sun yi ƙaura, kowa ya koma inda yake ganin ya fi aminci, kogi ya zama iyaka. Abokan wasan da suka shekara goma suna raba ƙwallo, ɗaya ya koma Rigasa, ɗaya Sabon Tasha. Babba ba ya fita atisaye shi kaɗai. Yana fita ne don akwai waɗanda za su tambayi dalili idan bai zo ba. Filaye kuma suna ta ƙanƙancewa, wasu an yanka filotai, wasu an zagaye da katanga.

7.0 Filin Asabar

Abin da ya rage na wancan zamani shi ne ƙungiyoyin tsofaffin 'yan wasa da ake kira All Stars. Suna da daraja, domin sun haɗa zumunci da gudummawar biki da ta rasuwa, kuma a wasu filayen nan ne kaɗai mutanen tsallaken kogi biyu ke sa riga iri ɗaya. Amma yadda ake wasan na buƙatar gyara.

Ga yadda safiyar takan kasance. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai zai sauko daga mota ko babur, ya zauna a kan dutse ya murza man Aboniki a gwiwa har idonsa ya kawo ruwa, ya naɗe ta da bandeji, ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi da ya saya a kemis da ruwan leda. Ɗumama jiki bai wuce ya taɓa yatsun ƙafa sau biyu ba. Kwana shida ke nan bai yi tafiyar da ta kai ta masallaci ko coci ba. Minti goma da farawa aka zura masa ƙwallo a gaba, kan ya tuna 1989, ya zabura. Taku na biyar ya dafe bayan cinya. Wani matashi da ke cike musu gurbi ya ce, "Baba, da kun bar ta ta wuce ai." Ya ce, "Kai yaro, lokacin da nake buga wa kamfani ba a yi auren babanka ba." Aka yi dariya, aka kama shi zuwa inuwa. Wata guda zai yi yana ɗingishi, kuma watan nan na zama zai ci tsokar da ta fi wadda wasan ya gina.

Kurakurai uku ne a nan. Na farko, a tara motsin mako a zuba shi cikin awa guda, a kan zaren tsokar da ya fi kowanne ramewa. Na biyu, magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen na iya ɗaga hawan jini su kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ke zufa bai sha ruwa ba. Na uku shi ne mafi haɗari: shiga wasa mai tsanani ba a san awon jini ba. Nazarin Adeloye da abokansa na 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duk suna cikin yankin, kemis da dama ma na da na'urar awo. Yanayi na da nasa hukunci: a zafin Maris da Afrilu jikin babba ba ya saurin fitar da zufa, ƙishirwa kuma ba ta saurin sanar da shi, a hunturu ƙura na tayar da tari ga wanda huhunsa ya riga ya sha auduga. Mai azumi gara ya mayar da motsinsa bayan shan ruwa.

Maganin ba a daina ƙwallo ba ne. Peter Krustrup da Jens Bangsbo a Denmak sun gwada ƙwallon 'yan kaɗan a ƙaramin fili, sau biyu zuwa uku a mako, ga maza 'yan shekara 65 zuwa 75 da ba su saba atisaye ba, suka ga juriya da ƙarfin tashi da ƙwarin ƙashi sun ƙaru. A Ingila an ƙirƙiro ƙwallon tafiya a Chesterfield a 2011, inda gudu laifi ne. Tsohon ɗan wasan Kaduna zai raina ta da farko, amma ita ce ke ba kai damar yin abin da ya iya ba tare da an tura ƙafa inda ba za ta je ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, ga wanda ya kai 65 kuma a ƙara atisayen daidaita tsayuwa kwana uku. Ƙwallon Asabar kaɗai ba ta cika wannan ba.

8.0 Mata

Maganar ƙwallo na ɓoye rabin jama'a. Daka da surfe da jan guga da tafiya kasuwar Litinin ta Kakuri da kaya a ka sun riƙe hannu da bayan iyaye mata. Injin niƙa da famfon burtsatse da Keke Napep sun sauƙaƙa rayuwa, sun kuma ɗauke wannan motsi, ba a maye gurbinsa da komai ba. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace na saurin yin laushi na wasu shekaru, faɗuwar da a da targaɗe za ta kawo sai ta zama karayar ƙugu. Ƙungiyoyin zumuntar mata na coci da makarantun Islamiyya na matan aure sun riga sun mallaki abin da ya fi wuyar samu, wato taro mai ɗorewa a rana sananniya.

9.0 Awo Mai Araha

Dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, da aka sa wa hannu a 2018, da manufar ƙasa kan tsufa ta 2021, sun buɗe ƙofar da ƙananan hukumomin biyu za su iya shiga da ɗan kuɗi kaɗan. Ana iya raba tsufa da zama ta hanyar awo, a sake awon bayan wata uku na atisaye. Abin da ya dawo, ba shekaru ne suka ɗauke shi ba.

Awo na farko shi ne ƙarfin damƙa. Binciken PURE da Leong da abokansa suka wallafa a 2015, kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu na tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Masanan Turai sun sa iyaka a 2019: ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace. A jikin Turawa aka yanka waɗannan alƙaluma, don haka a nan sun fi amfani wajen gwada mutum da kansa na watannin baya.

Na biyu, tashi daga ƙasa. Brito da Araújo a Burazil sun nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 51 zuwa 80, masu buƙatar dafa hannu da gwiwa kafin su zauna a ƙasa su miƙe sun fi saurin mutuwa a shekarun da aka bi su. A nan ba sai an koya wa kowa wannan gwaji ba. Mai salla na yin sa a kowace raka'a, mai cin tuwo a tabarma ma haka. Ranar da magidanci ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, ko aka fara ajiye masa kujera a sahu, iyali kan ɗauka lokacin hutu ne ya yi. Sauƙin da addini ya yi wa mai lalura na nan daram, amma a fuskar lafiya wannan rana ce ta ganin likitan gashin ƙashi da fara ƙarfafa cinya.

Na uku, tashi da zama a kujera cikin daƙiƙa 30, hannu a harɗe a ƙirji, wanda Rikli da Jones suka daidaita a 1999. Ga 'yan shekara 60 zuwa 64, namijin da ya gaza 14 ko macen da ta gaza 12 na cikin haɗarin faɗuwa. Tsayin kujerar ya zama kusan santimita 43, marar hannu. Farar kujerar roba ta 'yan haya ba ta dace ba, domin tana zamewa kuma ƙafafunta na buɗewa. Bencin katako da aka jingina da bango ya fi, tare da wani a tsaye a gefe yana riƙe da agogon waya.